Hannun da Ya Fara Awo

Famfon ruwan zafi na ɗakin gwaji sai an yi haƙuri da shi. In ka murɗa zai fara tari, ya tofo ruwan sanyi, sannan ya tuna aikinsa. Matar da ake kira Uwar Ɓeraye ta san halinsa, shi ya sa take riga kowa zuwa. Takan ajiye jaka, ta murɗa shi da gefen tafin hannu don yatsu ba sa yarda, ta tsaya tana kallon bango har ruwan ya ɗumama. Sai ta tara hannayenta a ƙarƙashinsa, ta jira yatsun su saki ɗaya bayan ɗaya. Babban yatsan dama ne yake zuwa ƙarshe kullum, kuma shi ne hanyar abincinta.

Sunan nan ɗalibai ne suka laƙaba mata tun tana da ƙuruciya, ya bi ta har furfura, ba ta kuma taɓa jin haushinsa ba. Fararen ɓerayen nan masu jan ido da wasu ke tsalle in sun gani, ita a hannunta suke lafawa. Aikinta a baki ba shi da wuya. Ana yi wa ɓera allura a ƙafar baya, ƙafar ta kumbura. Rabinsu a ba su sabon maganin kumburi da ake gwadawa, rabi a ba su ruwan gishiri kawai. Ita kuma kowace safiya ta auna kaurin ƙafar da wani ɗan ma'auni mai baki biyu kamar awartaki, ana tura shi da babban yatsa har bakin ya kama, lamba ta fito a ɗan gilashinsa. In maganin na aiki, ƙafafun waɗanda suka samu za su sace, na sauran su zauna a kumbure.

Wuyar tana wurin matsawa. Kumburi abu ne mai laushi, ka ƙara matsi kaɗan lamba ta ragu, ka sassauta ta ƙaru. Saboda haka dokar ɗakin ita ce hannun da ya fara awo shi zai gama, ba a canji a tsakiya ko da mai hannun zazzaɓi yake yi. A ginin nan kaf kuwa babu hannun da Farfesa, shugaban ɗakin, ya yarda da shi kamar nata. Yakan gaya wa baƙi cewa ɓera na farko da na ƙarshe matsi ɗaya suke samu a wurinta. A da gaskiya yake faɗa.

Farfesa bai san gaɓoɓinta sun fara kumbura ba. Safar hannu tana rufa asiri, ta koma sa manya ta ce ƙananan ne suka ƙare a akwati. Ta san abin da zai biyo baya in aka gane. Ba za a kore ta ba, mutanen kirki ne, abin da ya fi kora ciwo za su yi mata. Za a hau da ita bene, a ba ta tebur a ɗakin ajiya tana ƙirga kwalayen sirinji har ranar ritaya. Ta ga an yi wa wani haka lokacin da idonsa ya yi rauni, mutumin da a da tun daga bakin ƙofa ake jin dariyarsa. Yanzu in kun haɗu a matakala, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa.

Abokin aikinta shi ne Dogo, mai allura. Mutum ne da Allah ya ba tsayi ya hana shi son sunkuyo. Sun daɗe tare, ta ga aurensa, ta ga ’ya’yansa sun shiga jami’a, har yanzu kuma bai daina ajiye kofin shayinsa a inda aka hana ba. Shi ke haɗa magani, shi ke yin allura, shi kaɗai ya san wane ɓera ne ya samu me, don ba a son mai awo ya sani kada zuciya ta ja hannu. Da safe yakan sauko mata da keji daga kanta ya ajiye a tebur, ta kama ɓera ta auna ta faɗi lamba, shi kuma ya buga a kwamfuta. Daga layin sama suke farawa su gangaro ƙasa. Ba wanda ya ce a yi haka, haka dai suka saba.

Magunguna da yawa sun shigo ɗakin nan da kirari sun fita shiru. Wani ya sauke kumburi ya cinye hanjin ɓera, wani bai yi ko ɗaya ba, sai kuɗin abincin ɓeraye da ya ci. Ita ta daina sa rai tun tuni, ta iya kallon sabuwar kwalba kamar yadda ake kallon sabon alkawarin mai gyaran famfo. Amma wannan karon abin ya zo daban. Ƙafafun ɓerayen sama suna ta sauka, na ƙasa suna nan yadda suke. Ba a gaya mata komai ba, amma ai ba makauniya ba ce.

Ran da Farfesa ya ga lambobin a kwamfuta sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Uwar Ɓeraye, kin ga abin da nake gani kuwa?"

"Ni lamba kawai nake faɗa, Farfesa."

"Kuma cikinsu lafiya lau, suna ci suna kashi, ba alamar gyambo," in ji shi. "Dogo, ka ga abin da muke nema tun gashina yana baƙi."

"Yanzu ma ai da saura, ranka ya daɗe, ta wajen ƙeya," in ji Dogo.

Farfesa ya fita bakinsa har kunne. Ita ta ci gaba da goge tebur, amma maganar cikin nan ta zauna mata. Ƙwayar da likita ya rubuta mata tana sassauta yatsu, sai dai in ta sha kwana biyu cikinta ya ɗauki wuta, dole ta ajiye. Tana ji tana gani ta fara sa rai, tana kuma jin haushin kanta da hakan. Ta fi kowa sanin tsawon hanyar da ke tsakanin ƙafar ɓera da kantin magani.

A motar haya, in za ta koma gida, takan rataya hannun jaka a gwiwar hannu, ta jingina da ƙarfe maimakon ta riƙe. Maigidanta tsohon direba ne da ya ajiye aiki, yanzu sana’arsa sauraron rediyo da gyara wa masu labarai magana. Shi ne ya san komai, don shi ke ɓalle mata maɓallin hannun riga, shi ke buɗe murfin kwalba, kuma tun bara shi ke yanka albasa yana mita.

"Sannu da aiki. Ya majinyatan naki?" ya tambaya da yamman nan, yana karɓar jakar.

"Suna samun sauƙi."

"Ai kuwa sun ji daɗi. Su da ba su san darajar likita ba an ba su magani kyauta, ke mai yi musu hidima ga ki nan. Ki ce wa Farfesan naku ya sa ki a keji ɗaya mana, ni zan riƙa kai miki abinci."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta zauna a bakin gado. Ya kawo roba da ruwan ɗumi ya ajiye mata a cinya ba tare da ta tambaya ba. Ya dubi hannayen a cikin ruwa, ya sake magana, wannan karon babu wasa.

"Ki gaya musu, Maman yara. Har yaushe za ki yi ta ɓoyo?"

"In na gama wannan gwajin."

"Haka kika ce a wancan."

"Wancan daban. Wannan ni na fara, ni zan gama, ba a canja hannu."

Ya ƙaro muryar rediyo, ya shiga musu da mai karanta labarai a kan yadda ake furta sunan wani kogi.

Abin ya faru ne wata safiya da mai gyaran wuta ya zo canja fitilar da ke saman kantar. Sai ya buɗe silin, don haka ya lulluɓe kejunan sama da leda kada ƙura ta zubo musu. Awo kuma ba ya jira, dole a yi shi kafin allurar safe. Dogo ya yi tsaki, ya dafa ƙugu, ya sunkuya ya jawo kejin ƙasa.

"Yau sai mu fara da talakawa," in ji shi.

Hannunta da sauran ɗumin famfo. Ta kama ɓera na farko ta fatar wuya, ta saƙale wutsiyar da ƙaramin yatsa, ta tura ma'auni, ta faɗi lamba. Dogo ya buga. Ta faɗi ta biyu, ya buga. A ta uku sai ya janye hannu daga kwamfuta.

"Sake faɗa, Yaya."

Ta sake. Ya buga a hankali. Ita ma ta ji lambobin sun yi mata ƙanana a baki. Ƙafafun da jiya suke a cike, yau ma'auni yana cewa sun sace, alhali a ido ga su nan jajir kamar kullum. Suka ci gaba, layi bayan layi. Mai gyaran wuta ya gama, ya yaye ledarsa, ya naɗe tsani ya yi sallama. Lokacin da suka iso layin sama babban yatsanta ya riga ya fara zafin nan da ta sani, kamar an cusa ƙaya a gindinsa. Ta yi abin da ta saba yi in ta kai ƙarshe, abin da ba ta taɓa tsayawa ta duba ba: da bakin ma'auni ya taɓa fata sai ta tsaya, don turawa gaba ciwo ne. Ɓerayen sama, waɗanda Farfesa ya goge tabarau saboda su, duk suka fito da manyan lambobi.

Ta mayar da na ƙarshe cikin keji, ta rufe. Ba a jin komai sai ƙarar ɓeraye suna tonon garin katako. Dogo ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna.

"Yaya, na ƙasan nan ruwan gishiri ne."

"Bai kamata ka gaya mini ba."

"Na sani. Duka na ƙasa ruwan gishiri ne, duka na sama magani."

"Ba gauraya su aka ce ka riƙa yi ba?"

Ya sosa ƙeya. "Maganin nan kwanciya yake yi in ya jima a sirinji. Sai na jera masu samunsa wuri ɗaya daidai tsayina don in yi sauri. Na ce ai ba ki san wane ne wane ba, kuma hannunki ne, me zai faru?"

Lissafin ba mai wuya ba ne, yaro ma zai yi shi. Duk wanda ta fara da shi yana samun matsi mai ƙarfi, ƙafarsa ta fito siririya. Duk wanda ta ƙare da shi yana samun hannun da ya gaji. Ba maganin ne yake sauke kumburi ba, ɗumin ruwan famfo ne da ke hucewa a yatsanta. Wata irin gajiya ta sauko mata tun daga wuya har gwiwa, ba ta rashin barci ba. Ta ji kunya, ta ji tausayin Farfesa, amma abin da ya fi cin ta shi ne maganin. Ta riga ta fara ganin kanta tana ɓalle maɓallin rigarta da kanta.

"Na daɗe da ganin yadda kike murɗa famfo," in ji Dogo, idonsa a kan kwamfuta. "Da kuma safar nan. Ƙananan ba su ƙare ba, ni nake jera su."

"Ka yi shiru ke nan."

"To me zan ce? Ke ma ai kin san inda nake ajiye shayina."

Ya jawo kujerarsa kusa, ya rage murya duk da babu kowa.

"Ji nan. Mu ce ma'aunin ne ya lalace. Tsoho ne, kowa ya sani, batirinsa ma sai an buga yake kawowa. A zubar da wannan sakamakon, a sake gwaji daga farko, in gauraya kejuna yadda aka ce. Ke ki riƙe ɓera, ni in tura ma'auni. In Farfesa ya shigo in miƙa miki. Ba ƙarya za mu kai wa kowa ba, lambobin gaskiya za su fito."

"Hannunka rawa yake yi in ka sha shayi."

"Sai in daina sha. Shekarun da suka rage miki ai ba yawa, Yaya. Me za ki je ki yi a sama, ki zauna da kwali?"

Ta dubi kantar. Shawarar ba ta banza ba ce, kuma ba don kansa ya kawo ta ba. Za ta ci gaba da shigowa ɗakin nan, da warinsa da ya zame mata kamar warin gida. Abin da za ta yi kawai shi ne ta riƙa kasa kunne ga takun Farfesa a baranda kowace safiya, ta karɓi ma'auni da sauri, ta yi murmushi. Ɓoyo ɗaya take yi yanzu, zai zama biyu, kuma da wuyan wani a ciki. Ko tunanin ma gajiyar da ita yake yi. Duk da haka ba ta ce a’a ba.

Ba su gama ba aka turo ƙofa. Farfesa ne, da ɗan kwali a hannu, yana tafe yana magana tun kafin ya shigo sosai.

"Masu ba da kuɗin bincike sun amince mana. Za mu sake gwajin da ɓeraye ninki uku, kuma na gaya musu hannu ɗaya ne zai auna daga farko har ƙarshe. Suka ce mutum ɗaya zai iya? Na ce ba ku san Uwar Ɓeraye ba. Ga ma'auni, sabo fil, jiya ya iso. Wancan tsohon ya yi ritaya."

Dogo ya miƙe har kansa ya kusa taɓa sabuwar fitilar. "Ai kuwa ya zo a kan gaɓa, ranka ya daɗe. Yanzu muke maganar tsohon nan, yau wasu lambobi ya ba mu da ba su da kan gado."

"Ka ji ko? To buɗe mu gani, Malama."

Ya miƙa mata. A cikin kwalin akwai akwatin roba baƙi, mai ’yan maƙallai biyu a gaba, irin waɗanda ake ɓallewa da babban yatsa. Ta ajiye shi a tebur, ta sa yatsa a ƙarƙashin na farko, ta tura. Bai motsa ba. Ta juya akwatin ta gwada da hagu. Ta sake dawowa dama, ta cije leɓe, zafin ya harba har gwiwar hannu. Farfesa yana ta bayanin inda za a sa sabbin kantoci, sai maganarsa ta fara raguwa, ta rage, ta tsaya.

Dogo ya miƙo hannu. "Kawo, sababbin nan tauri ne da su."

"Bari, Dogo."

Ta ture akwatin gefe. Ta kama bakin safar dama ta ja, ta fita da ƙyar, sannan ta hagu. Ta shimfiɗa hannayen a kan tebur ƙarƙashin fitila. Gaɓoɓin sun yi tulu-tulu suna sheƙi, manuniya ta fara karkata wajen ’yar’uwarta.

"Ma'aunin lafiyarsa ƙalau, Farfesa," in ji ta. "Wanda na fara da shi ina matsawa, wanda na ƙare da shi ba na iyawa. Masu magani a sama suke, da su nake farawa. Yau mun fara daga ƙasa, sai ruwan gishiri ya yi aiki."

"Ni na jera su haka," in ji Dogo. "Laifin da nawa."

Farfesa bai dube shi ba. Ya je gaban kwamfuta ya tsaya, ya gangara da lambobin yau, ya koma na jiya, ya sake dawowa. Ya daɗe. Ta ga kafaɗunsa sun sauka, ta ga ashe shi ma tsoho ne. Ta jira faɗa, har tana son a yi, don faɗa abu ne da mutum zai tsaya a tsaye ya karɓa.

"Watakila maganin yana yi, watakila ba ya yi," in ji shi daga ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. "Ba mu sani ba ke nan. Mun koma inda muka fara." Ya juyo ya dubi hannayen. "Kina ganin likita?"

"Ina gani."

"Da zafi yanzu?"

"Da sauƙi."

Ya gyaɗa kai. Sai ya je lungu ya ɗauko kujera mai taya, wadda ake ba baƙi, ya turo ta har bayanta, ya riƙe mata da hannu biyu kada ta zame.

"Zauna, Yaya," in ji shi a hankali. "Zauna ki huta. Za mu yi magana anjima a ofis."

Bai taɓa kiranta Yaya ba. Ta zauna. Daga nan ƙasa teburin ya yi mata tsawo, ba ta ganin cikin keji sai gefensa.

"Dogo, gauraya kejunan nan, sannan ka auna mini su duka, ko don mu ga inda muke."

Dogo ya ɓalle akwatin, ƙas, ƙas, ya ciro sabon ma'auni. Ya buɗe keji ya kamo ɓera, ya riƙe shi can ƙasan wuya yadda masu allura suke yi. Ɓeran ya shiga wutsil-wutsil, yana naɗe ƙafar da ake nema a ƙarƙashin cikinsa.

"Ba haka ba," in ji ta. "Matsa sama, kusa da kunne, sai ya lafa. Kawo in nuna maka."

Ta ɗaga hannu. Dogo ya dubi Farfesa, Farfesa ya dubi ƙasa, ba wanda ya miƙo mata. Ta ɗan bar hannun a sama, sannan ta mayar da shi cinya ta rufe da ɗayan.

"Kusa da kunne," ta sake cewa.